Takalmin mai ciwon suga: yadda za a auna, a saya, a kuma kula da shi a Legas

Tambayar nan ta yawaita, daga masu ciwon suga su kansu da kuma 'ya'yan da ke kula da iyayensu a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago: likita ya ce a daina yawo da silifas, to wane takalmi za a saya, a ina, kuma yaya za a gane ya yi daidai? Ga amsar a jere, tun daga gida har kasuwa.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara. Idan suga ya daɗe a jiki yana lalata jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi, yana kuma rage jinin da ke sauka ƙafa. Sai ƙafar ta zama kamar gidan da barci ya kwashe maigadinsa: takalmi ya matsa, tsakuwa ta shiga, ƙusa ta huda, babu mai ihu. Don haka "na ji ya yi mini daidai" ba hujja ba ce a bakin mai suga. Awo da ido da hannu su za su yi aikin da ƙafar ta daina yi. Masana sun ƙiyasta cewa kusan 85 cikin 100 na yanke ƙafar da ake yi wa masu suga daga gyambo yake somawa, kuma sau da yawa asalin gyambon ɗan bororo ne da takalmi ya jawo.

Kayan da za ka tanada: kwali mai faɗi, ko na taliyar yara ne ya wadatar, da biro, almakashi, tef ɗin tela ko rula, ƙaramin madubi, safar da kake sawa, da mutum ɗaya mai ido sosai da zai taimaka maka.

Mataki na 1: Asibiti kafin kasuwa

Ranar ganin likita, cire takalmi da safa tun kafin a ce ka cire. Layi yana da tsawo, likita yana sauri, idan ba ka miƙa ƙafar ba sau da yawa awon suga da rubuta magani kawai za a yi a sallame ka. Roƙi abu biyu. Na farko gwajin ji, wanda ake yi da wani siririn zaren roba mai danna fata da nauyin giram 10, ana taɓa tafin ƙafa idonka a rufe. Na biyu a duba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da sashen masu suga, akwai kuma manyan asibitocin jiha irin na Gbagada da Orile-Agege.

Sakamakon shi zai nuna maka hanya. Bisa ƙa'idojin 2023 na ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu suga, IWGDF, wanda jinsa da jininsa ke lafiya a duba shi sau ɗaya a shekara. Wanda ɗaya daga ciki ya ragu, duk wata 6 zuwa 12. Idan duka biyun ne, ko ɗaya ya ragu kuma yatsu sun lanƙwashe, duk wata 3 zuwa 6. Wanda kuma, bayan raguwar ji ko jini, ya taɓa yin gyambo ko aka taɓa yanke masa yatsa, duk wata 1 zuwa 3. Kashi biyun farko za su iya bin matakan da ke ƙasa su sayi takalmi a kasuwa. Biyun ƙarshe su karanta Mataki na 9 tukuna.

Hattara: idan yanzu haka akwai buɗaɗɗen ciwo a ƙafarka, komai ƙanƙantarsa, ka ajiye maganar sayen takalmi. Magani ne a gabanka.

Mataki na 2: Zana ƙafarka a kwali

A nan ne yawancin mutane ke kuskure, saboda sun haddace lamba. Alhaji zai ce shi 43 yake sawa tun yana saurayi. Ƙafa kuwa tana canjawa, tana bajewa da shekaru, tana kumbura da ciwo, sannan 43 na wannan kamfani ba shi ne 43 na wancan ba.

Yi awon da yamma, bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta gama kumburin yini. Sa safarka. Ajiye kwalin a kan siminti ko tayil, kada a kan katifa ko darduma. Taka shi a tsaye, nauyinka ya sauka a ƙafa biyu daidai. Mai taimaka maka ya durƙusa ya zagaye ƙafar da biro, biron a miƙe, kada ya karkata shi ƙarƙashin ƙafa, don zanen zai fito ƙarami. Kai kuma kada ka sunkuya kallo, sunkuyawa tana canja yadda ƙafar ke zama.

A zana ƙafa biyun duka. Mutane da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma, da babbar ake sayen takalmi.

Yanzu auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo. A wasu mutane na kusa da babban yatsa ne ya fi, ka duba da kyau. Ƙara santimita 1 zuwa 2 a gaban yatsun, kusan faɗin babban yatsan hannu ke nan, ka zana layi. Tef ɗin tela yana da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗaya, ka juya shi. Faɗi kuma a bar shi yadda ya fito, domin cikin takalmi dole ya kai faɗin ƙafar a inda ta fi faɗi, wato gindin yatsu. Yanke kwalin da almakashi har da ƙarin da ka yi, rubuta "dama" da "hagu" da kwanan wata. Wannan kwalin shi ne lambarka daga yau.

Hattara: kada a aiki yaro kasuwa da lamba a baki. Idan Baba ko Inna ba za su iya zuwa ba, a tafi da kwalin, a kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa za a dawo da shi idan bai yi ba.

Mataki na 3: San abin da kake nema

Kana neman sau-ciki ko kambas mai rufe yatsu da dunduniya. Gabansa ya zama mai faɗi, zagayayye, mai zurfin da yatsu za su motsa ba tare da sun goga sama ba. Samansa fata mai laushi ko yadi mai shan iska. Ya kasance da igiya ko maɗauri mai mannewa, yadda za ka sassauta idan ƙafa ta kumbura, ka ɗaure idan ta saɓe. Ƙasansa mai kauri wanda ƙusa ba za ta ratsa da sauƙi ba, tudun dunduniya kuma inci ɗaya ya isa.

Waɗanda za ka bari: silifas mai shiga tsakanin yatsu, domin yana yanka wurin da ya fi saurin ruɓewa, kuma sai yatsu sun ƙanƙame shi yake zama. Takalmi mai buɗaɗɗen baya da muke so da kaftani, saboda dunduniya tana zamewa tana bushewa har faso ya buɗe. Mai tsinin baki. Na roba zalla, mai tara gumi. Ga mata, mai tsinin dunduniya yana tattara nauyin jiki duka a gindin yatsu, inda gyambo ya fi fitowa, ko na awa uku ne a wurin biki. Akwai kuma wani silifas mai ƙuraje-ƙuraje a ciki da ake tallarsa a gosulo, ana cewa yana tausa ƙafa yana motsa jini. Ƙafar da ba ta ji ba ta san lokacin da tausar ta zama rauni ba. Kada ka saya, idan an ba ka kyauta ka yi godiya ka ajiye.

Na san abin da ke hana dattawa da yawa: kunya. Wai yaya za a ga mutum da babbar riga da kambas kamar ɗan ƙwallo. Akwai baƙin sau-ciki na fata mai igiya da faffaɗan gaba, yana shiga da shadda tsaf, akwai kuma na mata marasa tudu da ke ɓuya ƙarƙashin zane ko abaya. A neme su. Idan ba a samu ba, ni a ganina a sa kambas ɗin a fita, masu kallo ba su za su yi jinya ba.

Mataki na 4: A gaban mai kaya

Je da yamma, da kwalinka da safarka. A Balogun ne, ko Yaba, ko wani kanti a Ikeja, gwajin ɗaya ne, kuma ka bi shi a jere kafin a fara ciniki.

Zura kwalin cikin takalmin. Ya kwanta lafiya? Idan gefensa ya naɗe ko bakinsa ya lanƙwashe, haka za a yi wa ƙafarka, mayar da shi. Idan shimfiɗar cikin tana cirowa, ciro ta ka taka a tsaye: duk inda ƙafarka ta zarce shimfiɗar, nan takalmin zai ci ka. Sannan zura hannu har ƙurya, ka shafa sama da ƙasa da gefe, kana neman ɗinki mai kaushi, dunƙulen gam, ko bakin ƙusa. Lanƙwasa shi: ya lanƙwasu a wajen gindin yatsu kawai. Wanda ke naɗewa biyu a tsakiya, ko yake murɗuwa kamar tsumma, ba zai kare komai ba. Matsa bayansa da yatsa biyu, ya kasance da ƙwari.

Sai yanzu za ka sa, ƙafa biyu, ka ɗaure, ka miƙe. Mai rakiyarka ya danna gaban takalmin ya tabbatar akwai sarari tsakanin yatsa da baki. Taka ka je ka dawo na 'yan mintoci, dunduniya kada ta riƙa fita tana komawa, domin takalmin da ya yi yawa shi ma yana gogar fata. Cire, cire safa, a duba ƙafar.

Hattara: mai kaya zai ce, "Alhaji, fata ce, kwana biyu za ta saki." Da naman ƙafarka za ta saki. Abin da bai yi daidai a shago ba, ba a biyan kuɗinsa. Ka kuma sani cewa masu raunin ji a ƙafa sukan zaɓi takalmin da ya matse, don sai ya matse suke jin akwai abu a ƙafarsu. Idan bakinka ya ce ya yi yawa, kwali ya ce daidai ne, bi kwali.

Maganar kuɗi. Awo bai ci maka ko sisi ba. Gwanjo ya fi araha, sai sabon na kasuwa, sai na manyan kantuna, na asibiti shi ne a sama. Kada ka biya kuɗin suna: kambas marar suna da ya ci gwajin nan ya fi mai suna da ya faɗi. Haka wanda ake tallatawa a intanet da sunan takalmin masu suga, rubutun kwalinsa ba ya ɗauke masa gwaji. Idan kuɗin hannunka zai sayi mai tsada ɗaya ko matsakaita biyu, ɗauki biyun, za ka ga dalili a Mataki na 8. Wanda ke ganin tsada ya lissafa kuɗin wankin ciwo, da na mota zuwa asibiti, da ranakun da rumfa za ta kwana a rufe.

Gwanjo fa? Sabo ya fi, domin tsohon takalmi ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. Amma na san aljihu, na kuma san Katangowa da Aswani sun rufa wa mutane da yawa asiri. Idan can za ka, ɗora takalmin a kan tebur ka kalle shi ta baya, wanda ya karkace gefe guda ka bar shi. Duba ƙasansa ko ya cinye ta ɓangare ɗaya. Ciki kada ya kasance da rami ko yagewa a wajen dunduniya. A wanke, ya bushe sarai, a sa sabuwar shimfiɗa mai laushi, sannan a sake zura kwali, don shimfiɗa tana cin wuri.

Mataki na 5: Safa

Ba a sa takalmi ba safa, ko da zafin watan Maris ne. Nemi mai shan gumi, marar ɗinki a bakin yatsu, idan tana da ɗinki juya ta bai. Bakinta kada ya bar shaida a ƙwauri. Fara ko mai haske ta fi, saboda jini ko ruwan ciwo zai nuna a jikinta kafin ka gan shi a fata. A canja kullum, mai huji ko faci a jefar.

Mataki na 6: Saba da sabon takalmi a hankali

Ranar farko awa ɗaya, a cikin gida. Cire, ɗauki madubi, duba tafin ƙafa, dunduniya, saman yatsu, tsakaninsu, da gefen ƙaramin yatsa. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka nemi wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko ya fi ɗumi idan an taɓa da bayan hannu. Shaidar da ba ta ɓace ba bayan rabin awa tana nufin takalmin yana danna wurin. Idan lafiya, ƙara awa ɗaya kowace rana har ya kai yini.

Hattara: kada a ɓare sabon takalmi ranar Salla a tafi Idi da shi, a wuce ziyara har dare. Haka ranar tafiya gida Arewa: zaman mota daga Legas zuwa Kano ko Sakkwato yana kumbura ƙafa, tsohon da ka saba da shi za ka sa, ka sassauta igiya, ka sauko ka taka duk inda aka tsaya.

Mataki na 7: Kullum, a gida da masallaci

Duk lokacin da za ka sa takalmi, kife shi, karkaɗe, zura hannu. Duk lokaci, ba da safe kaɗai ba. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya yini cur da murfin kwalbar lemo a cikin takalminsa, haƙoran murfin suna sama. Bai sani ba sai da ya zo alwalar magariba, yaron shagonsa ya ce, "Baba, safarka jini." Jikansa ne ya jefa murfin da safe yana wasa.

Mu da ke cire takalmi sau biyar a rana muna da riba, muna kuma da haɗari. Ribar ita ce kowace alwala dama ce ta duba ƙafa. Ka riƙe ɗan tawul a aljihu, bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin ka mayar da safa, domin damshin nan shi ke kawo cin ruwa, fata ta yi fari ta tsage. Haɗarin kuma tafiya ba takalmi daga wurin alwala zuwa sahu. Ranar Juma'a, idan sahu ya fito har titi, kwalta da tayil ɗin harabar masallaci suna ƙona tafin ƙafa ba tare da mai ita ya ji ba. Tafi da takalminka har bakin darduma, ka sa shi a leda kusa da kai, hakan ya kuma hana a yi maka musanye. Maganar huffi da shafa a kansa, ka zauna da malaminka ya yi maka bayani.

A gida ma ba a tafiya ƙafa ba takalmi, ba a tafiya da safa kaɗai, ba a dogara da silifas mai siririn ƙasa. Ware takalmi ɗaya mai rufi na cikin gida. Hajiya da ke girki ta fi kowa bukatarsa, saboda garwashi, ruwan zafi da mai da ke fantsama. Na banɗaki a sa a shiga, a fito a cire, a tsane ƙafa.

Mataki na 8: Damina da wurin aiki

Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan Legas ba ya sallama, kwata tana haɗewa da titi, kuma ba ka ganin abin da ke ƙarƙashin ruwan. Mutane sukan cire takalmi su riƙe a hannu don kada ya lalace. Mai suga kada ya kuskura. Shiga da takalminka, da ka isa ka wanke ƙafa da ruwa mai tsabta da sabulu, ka tsane, ka duba, ka sa busasshiyar safa da takalmi na biyu. Amfanin biyu ke nan. Jiƙaƙƙen a ciro shimfiɗarsa, a cusa masa tsohuwar jarida, ya bushe a inuwa mai iska. Kusa da wuta ko bayan janareta fata tana ƙanƙancewa ta yi tauri. Ko ba ruwa, a riƙa hutar da ɗaya ana sa ɗaya.

Masu aiki cikin laka da ruwa, irin 'yan gwari da mahautan Oko-Oba, dogon takalmin roba ya halatta a lokacin aiki kawai, da safa mai kauri, a canja ta da azahar, a tashi aiki a cire. Masu acaba da masu hawansa su lura da salansa, ta ƙona ƙafafu da yawa ta gefen silifas. Masu gadi kuma, a sanyin hunturu kada a miƙa ƙafa bakin wuta, a ƙara safa.

Mataki na 9: Gyara, canji, da takalmin asibiti

Idan ka ba shushaina gyara, ce masa gam da ɗinki, ban da ƙusa, kuma kullin zaren ya kasance a waje. Karɓa ka zura hannu a gabansa kafin ka biya. Takalmin da ƙasansa ya cinye gefe guda, ko shimfiɗarsa ta lotsa, ko bayansa ya karye, ya gama aiki ko da samansa yana ƙyalli. Sake zana kwali duk lokacin da za ka sayi wani.

Baduku mai hannu zai iya ɗinka maka sau-ciki a kan kwalinka idan ƙafarka ba ta da wata nakasa: ka nemi faffaɗan gaba, fata mai laushi a ciki, ɗinki a waje. Amma wanda yatsunsa suka lanƙwashe, ko tafin ƙafarsa ya rushe, ko kanta take dawowa wuri ɗaya, ko ya taɓa gyambo, ko aka cire masa yatsa, nasa ya wuce kasuwa. Yana bukatar shimfiɗa ko takalmin da aka ƙera a kan ƙafarsa don a ɗauke nauyi daga wurin da ke ciwo. Asibitin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi yana da sashen da ke ƙera irin waɗannan kayan, ka nemi likitanka ya rubuta maka takardar turawa. Idan aka yi maka, sa shi a gida da waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne a adana shi don fita unguwa, alhali yawancin takun dattijo a tsakar gida yake yinsa.

Hattara: kanta alama ce cewa takalmi yana danna wurin, kuma gyambo yakan ɓuya a ƙarƙashinta. Kada a sa mata reza, kada a miƙa ƙafa ga masu yankan farce na yawo, kada a shafa maganin cin kanta na kemis. Ma'aikacin lafiya ne zai kankare ta.

Mataki na 10: Ranar da ba a jira

Bororo, yanka, ruwa ko jini a safa, wari, kumburi, yatsan da ya canja launi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya zafi: ko ɗaya ka gani, asibiti a ranar, ko da ba ka jin zafin komai. Kafin ka isa, wanke da ruwa mai tsabta, rufe da bandeji mai tsabta, rage takawa. Kada a fasa bororo, kada a gasa da ruwan zafi, kada a barbaɗa garin kafso ko toka. Daina sa takalmin da ya jawo abin, amma ka sa shi a leda tare da safar ka tafi da su, likita zai so ya ga cikinsa ya gane inda ya ci ƙafar. Ka haɗa da katin asibitinka da magungunan da kake sha.